Sau uku na hana majalisar dattawanmu zama

Assalamu alaikum Anti, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin a yanke mini hukunci a karanta har ƙarshe. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu a Lewisham, ban yi boko ba, ajin yaƙi da jahilci na yi ina da goyo. Kowa ya san ni da haƙuri, ko muryata ba a cika ji ba.

Muna da ƙungiyar 'yan garinmu a nan London. Masu ilimin cikinmu suka tsara ta da majalisa biyu, irin ta ƙasar nan. Ta ƙasa ta kowa ce, a nan ake kawo ƙuduri a jefa ƙuri'a. Ta sama mu bakwai ne, dattawa, duk abin da ya wuce a ƙasa sai ya hau wurinmu, mu amince ko mu mayar a gyara. Ba ma zama sai mutum biyar sun hallara. To bana ɗana na fari, likita, ya kawo ƙudurin a mayar da taronmu na wata-wata da Turanci, kuma ya wuce a ƙasa. Na same shi a kicin na ce, "Babana, mu fa?" Ya ce, "Mama, yaran ba sa following, waya kawai suke dannawa. Za a riƙa yi muku fassara." Na ce, "A asibiti fassara, a ofishin council fassara, a ofishin biza na Croydon fassara. Wuri ɗaya da nake buɗe baki da kaina, nan ma sai an ara mini baki?" Ya yi dariya ya ce, "Mama ke nan, sai ki kayar da shi a sama."

Na san ba zan iya ba, ƙuri'a ɗaya gare ni. Sai na ɗauko kundin ƙungiya, ɓangaren da aka rubuta da Hausa, na bi shi da yatsa layi-layi har kwana huɗu. Su da suka rubuta shi sun manta abin da ke ciki: ƙudurin da aka kira zama uku a kansa mutane ba su cika ba, ya mutu. A lokacin mutum ɗaya ya tafi Kano, saura shida. Ni na ce ƙafata ce ta tashi, saura biyar. Sai Baba Ilu, ba sunansa ba ne, tsoho ne a Croydon da ba ya duba saƙon waya, ni nake kiransa in sanar da shi. Na ɗauka zai goyi bayan masu ƙudurin don jikokinsa ba sa jin Hausa. Sau uku ina ce masa, "Baba, an yi cancel." Sau uku yana cewa, "To Hajiya, Allah ya yi albarka." Ƙuduri ya mutu.

Kuma in faɗa muku gaskiya, ban yi nadamar mutuwarsa ba. Ba don jan burki aka yi majalisar sama ba? Ko an ajiye mu ne don a riƙa ba mu kujerar gaba da shayi? Wa ya tambayi matan da ke dafa tuwon taron tun kafin a haifi masu ƙudurin?

Abin da ke ci na daban ne. A ƙasan shafin akwai layin da na tsallake: wanda ya rasa zama uku ba uzuri, kujerarsa ta faɗi. Ni ina da uzuri, shi ba shi da shi. Ran Lahadi shugaban ƙungiya ya tambayi Baba Ilu dalilin rashin zuwansa a gaban kowa. Ya ɗago ya kalle ni, ya daɗe, sannan ya ce, "Mantuwa na yi." Wani matashi ya ce a hankali, "Tsufa ya zo." Mutumin da a falonsa aka kafa ƙungiyar! Da muka fito wurin jiran bas ya matso ya ce, "Hajiya, da roƙona kika yi, ai da kaina zan zauna a gida. Ni ma ba na jin Turancin nasu."

Lahadi mai zuwa za a cike kujerarsa. In na yi magana, zaman ukun nan sun rushe, ƙudurin ya dawo da rai, kuma ɗana zai ji a bainar jama'a cewa uwarsa ta yi wa tsoho ƙarya. In na yi shiru, Hausarmu ta tsira, Baba Ilu ya koma gida da sunan wanda hankalinsa ya fara gushewa. Kada wanda ya ce mini in ba da haƙuri a kan ƙudurin, ba zan bayar ba. A kan tsohon nan nake tambaya. Me zan yi?