Rodin da Baba Ya Bari a Kan Rufi

Daga ƙaninka Abdussattar a Damanhur, zuwa ga Yaya Mamduh a Kuwait.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, Allah Ya sa ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Mu nan sai godiya, Umma ma ta fara fitowa ƙofar gida shan hantsi.

Yaya, da kunya nake rubuta wannan. Tun da ƙungiyar injiniyoyi ta yi wa 'yata Narmin rajista, aka ba ta ikon sa hannu a zanen gini, na hana unguwa sakat. Har mai kayan miya sai da ya ga katinta. Ka kuma san rodin da Baba ya bari tsaye a kan rufinmu, don duk wanda zai yi aure ya ɗora hawansa. To, na yi wa iyayen yarinyar da ɗana Hazim zai aura alkawarin hawa na biyar, ban shawarci kowa ba.

Ranar Juma'a suka zo cin abinci. Ana tsakiyar cin tattabaru na zaro zanen sabon hawan na tura gaban Narmin, na ce injiniyar gida ta sa mana hannu, surukai su gani. Ta yi ƙasa da murya ta ce mu bari sai baƙi sun tafi. Da na yi shiru a nan da na huta, amma baki shi ke yanka wuya. Da na matsa, ta ce ta duba harsashin gidan, ba zai ɗauka ba. Na ce to sannu uwar ilimi, gidan da ya girme ta za ta koya wa tsayuwa? Na yi mata gorin karatu a gaban baƙi, Yaya. Ta bari na gama, sannan ta ce ba rajistarta take jin tsoron rasawa ba, kakarta ce ke kwana a hawan ƙasa.

Uban yarinyar ya ajiye cokali. Ya ce in ba a samu wurin zama kafin Babbar Salla ba, za su dawo da zoben baiko. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ina roƙonka ka ara wa Hazim hawanka na uku da ke kulle, kada bakina ya kashe masa aure.

Narmin har yau ita ke kawo mini shayi da safe, na kasa haɗa ido da ita. Jiya na sa aka yanke rodin. Da Umma ta ji ƙara, ta ce alhamdulillahi. Wai ita ta kira Narmin ta nuna mata tsagar da ke bayan gadonta, don ta san ni ba zan saurara ba.

Ka gaishe da Anti Fauziyya da su Basim. Umma tana sa maka albarka.

Naka mai jiran amsa,
Abdussattar