Ni Suka Zaɓa Ko Buhun Inna?

Gwaggo Yabawa, don Allah ki taimake ni. In dariya ta zo miki ki yi abinki, ni ma na yi wa kaina har na gaji.

Ni ɗan Gure ne, na gama shekarar farko a jami'ar Damagaram, ina karatun labarin ƙasa. Da na ci bak, jarabawar gama sakandare, Yamai na so tafiya, amma Baba ya ce Damagaram ta fi sauƙi, ta fi kusa, ga mota kullum daga Gure. To wannan motar ta kullum ita ta jawo mini. Inna ba ta yarda akwai abinci a wajen Gure ba. Duk wanda ta ji zai doshi tasha sai ta ɗora masa buhu: dabinon kwarinmu, cuku, man shanu, yaji, har da rogo, kamar mutanen Damagaram ba su taɓa ganin rogo ba.

Da farko ni ba kowa ba ne. Can bayan aji nake zama, in mushe, wato malami, ya yi tambaya sai in duƙa ina gyara takalmi. Amma labarin buhu ya fita daga ɗakin da muke haya. In layin resto, gidan abincin ɗalibai, ya yi tsawo, ɗakinmu ake yowa. Kafin in ankara ana gaishe ni tun daga nesa, in na fara ba da labari ana dariya tun ban kai wurin dariyar ba. Ni kuwa na ce ashe haka nake da farin jini, mutanen Gure ne kawai ba su gane ba.

Da aka zo zaɓen delege, mai wakiltar aji wurin malamai, wani abokina Muktar ya tura ni gaba. Na tashi zan yi jawabi, komai ya ɓace mini, na ce na gode na zauna. Gwaggo, aka yi tafi kamar rufin zai faɗo, na kuma ci zaɓe. Washegari na sayi jakar hannu, na koyi tafiya da sauri da waya a kunne ko ba wanda ya kira ni.

Aikin kuwa ba ya ƙarewa. Ni ne kiran malamai in ji ko akwai darasi, ni ne neman ajin da ba kowa, ni ne raba faɗa a gurup ɗin waya. Na raba wa mutane takardun darussan da ni ban taɓa karantawa ba. Na san matsalar kowa a ajin nan, abin da aka koyar ne kaɗai ban sani ba. Ranar da sakamako ya fito ni na sanar, na bi kowa da barka, har da addu'a ga waɗanda suka faɗi, kafin wata ta ce in duba da kyau. Ina cikinsu. Darasi biyu na faɗi, sai na sake jarabawarsu bayan hutu.

A daidai lokacin Inna ta tafi biki garin Bune ta daɗe, buhu ya yanke. Ɗakinmu ya yi tsit. Muktar da ke ce mini shugaba sai ya koma ɗaga mini hannu daga nesa. Na kai kuka wurin Lailatu, wadda ta fi kowa ƙoƙari a ajinmu, ina cewa mutane ba su da amana. Ta dube ni ta ce: "Kai fa ba ka yi jawabi ba, cuku ne ya yi maka." Har yau in na tuna sai in ji kunnena ya yi zafi.

Yanzu ina gida hutu. Inna ba ta san na faɗi ba, kuma ta gama gaya wa unguwa cewa jami'ar gaba ɗaya a hannuna take. Jiya wata tsohuwa ta kawo mini jikanta in sama masa wuri, yaron ko firamare bai gama ba. Baba kuwa na faɗa masa gaskiya. Bai yi faɗa ba. Ya kai ni kwari ya nuna mini inda yashi ya fara cin shingen lambu, ya ce in karatu ya ƙi, ga aiki nan yana jiran hannu. Da ma ya zage ni.

Ga shi da an koma za a sake zaɓe. Muktar ya kira ya ce ni suke so, kafin ya kashe waya ya tambaya ko dabino ya nuna. Gaskiya ina son abin, Gwaggo. Karo na farko ke nan da aka san sunana. Kuma ba duka shirme na yi ba: akwai wani ɗan ajinmu mai tafiya da sanda, sai da na yi ta zarya har aka maido mana darasi daga bene zuwa ajin ƙasa saboda shi. In na janye, ina Inna za ta sa fuskarta? In na ce ta daina aiko buhu, cewa za ta yi na raina ta. In tsaya ko in haƙura?

Delegen Cuku, daga Gure

*

Ɗana Delege,

Na yi dariyar, na gode da izini. Yanzu mu yi magana.

Kada ka tsananta wa kanka fiye da kima. Buhu ne ya sa aka san ka, wannan gaskiya ne, amma buhu bai yi zarya don yaron nan mai sanda ba, kai ka yi. Mutumin da ya lura da wanda matakala ke wahalarwa yana da abin da ake nema a shugaba. Abokanka ma kada ka yanke musu hukunci duka. Ɗalibi mai jin yunwa in ya bi ƙamshin cuku bai yi laifi ba. Sai dai ka riƙe sunayen waɗanda suka ci gaba da leƙo ka lokacin da buhu ya yanke, ko da mutum biyu ne.

Amma Babanka bai sa ka a mota don ka je neman wa mutane aji ba. Shawarata, bana kada ka tsaya. Ka faɗa wa Muktar tun yanzu, kafin a koma, don kada tafi ya sake ɗauke ka. Ka nuna wa wanda aka zaɓa yadda aikin yake, sannan ka koma layin gaba ka zauna, ka bar takalminka ya huta. In ka ci jarabawa, ka ga kuma har yanzu ranka na so, baɗi ka tsaya, ka shirya jawabi na gaske.

Lailatu ta ba ka haushi, amma ita ce ta yi maka abin da aboki ke yi. Ka kira ta ka roƙi ta tura maka abin da ta rubuta a darussan nan biyu, ka tambaye ta inda ba ka gane ba. Hutun nan da safe ka bi Baba kwari ka kama masa shinge, da rana ka zauna a inuwar dabino da takardunka. Ba barazana ya yi maka ba, damuwarsa ya nuna maka, kuma yashin da ke cin lambunsa yana cikin abin da ake koya muku.

Inna kuwa ka same ta ita kaɗai ka gaya mata da bakinka, kafin wani fasinja ya kawo mata labari daga tasha. Za ta ji zafi, za ta yi maka faɗa, sannan za ta samo wani abin da za ta yi alfahari da shi. Uwa ba ta rasawa. Kada ka hana ta aiko buhu, ta haka take zuwa Damagaram ta duba ka. Ka ware rana ɗaya a mako da za a ci tare, sauran ranakun ƙofarka a rufe, kana karatu.

Allah ya ba ka sa'ar jarabawa, ya ƙara wa iyayenka lafiya, ya haɗa ka da abokan da za su zo ko ɗakinka babu komai.

Gwaggonka, Yabawa