Ƙibar Auta Ba Ta Lafiya Ba Ce

'Yata,

Kada ki karanta wannan takarda a tsaye kina juya tukunya, kamar yadda kika saba yi wa maganata. Nemi wuri ki zauna. Bayan haka, ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidanki da jikana. Allah Ya ƙara masa sauƙi. Mu nan sai godiya. Ƙafar babanku ta yi dama, har ya koma shago.

Na ji an ɗora jikana a kan maganin farfaɗiya irin na ƙanwarki Auta, shi ya sa na ɗauki biro. Kin san tun da ta fara shan maganin nan ba ta sake faɗuwa ba. Murna ta rufe mana ido. Muka daina komawa asibiti, in ya ƙare sai babanku ya kai kwalinsa kemis a ba shi wani. Da ta fara ƙiba, gwaggonki ta ce ai lafiya ce ta zauna mata, yayyenta maza suka sa mata suna Buhu, ita ma tana dariya. Ga rigar sanyi da rana tsaka, ga barci a kan littafi, ga gashi yana bin matsefi. Malamarsu ta aiko cewa ta zama shiru-shiru a aji, na ce son jiki ne, na hana ta kallo, na ƙara mata wanke-wanke.

Ciwon ciki ne ya kai mu asibiti. Likitar ta jingina ta da bango ta auna tsawonta, ta tambaye ni yaushe rabon da a ɗebi jininta. Na ce tun da muka daina zuwa ba a ɗiba ba, sai ta sa aka ɗiba. A nan na tuna rigar makarantarta: kullum a faɗi ake buɗa ta, ba a taɓa ƙara mata tsawo ba. Da sakamako ya fito, ta ce akwai wata 'yar tsoka a gaban wuya, wadda in ta kumbura ake kira maƙoƙo, ita ke tafiyar da girma da kuzarin yaro, kuma wasu magungunan farfaɗiya kan rage mata aiki. Ta ce da ana zuwa awo, da tuni an gani. Yanzu an ƙara mata wata ƙaramar ƙwaya da safe kafin ta ci komai, kuma an ja mini kunne kada a tsayar da na farfaɗiyar da ka. Kuzarinta ya fara dawowa, amma ajin nan sai ta maimaita shi. Jiya ta tambaye ni ko har yanzu ita malalaciya ce. Da-na-sani ƙeya ce, 'yata.

Ke da kike ganin kin fi kowa sani, kada ki ce yaro ya daina faɗuwa shi ke nan. Ki tambayi likitansa zancen awon jini da na tsawo.

Ki gaishe da maigidanki da surukarki da kawunki ƙarami. Auta na gaida ɗanta. Ni ce mahaifiyarki, kuma ga dokar da na kafa, har gidanki ta shafa: ba mai sake kai kwali kemis sai likita ta ga yaro da idonta, wanda kuma ya ƙara kiran Auta Buhu, shi zai yi wanke-wanken ranar.