Ina Jiran Idon Karena Ya Nuna

Malam mai filin shawara, ka agaza mini, domin na rasa wanda zan kai wa wannan kuka bai yi mini dariya ba.

Ni mai gyaran agogo ne. Tun da mai ɗakina ta rasu, 'ya'ya kuma kowa ya kama gabansa, gida ya yi mini yawa kamar rigar aro. Abokin zamana wani tsohon kare ne da marigayiyar ta yi rainonsa. Shi ke raka ni shago, ya kwanta ƙarƙashin tebur, agoguna na bugawa, muna saurare. Har baiti na yi masa:

Gida ba kowa sai inuwa,
Kai kaɗai ke jin tahowata.

Kwana uku ke nan idonsa na hagu ya yi hazo, shuɗi-shuɗi, farin ya kaɗa ya yi ja, hawaye ba ya tsayawa. Ya ƙi abinci. In na shafa kansa sai ya kauce, abin da bai taɓa yi ba. Lokacin da marigayiya ta yi yanar ido, cewa aka yi mu jira ta nuna. Muka jira, aka cire, ta gani garau. Shi ya sa nake jiran tasa ta nuna. Ragowar maganin ɗigawarta na nan, na kasa zubarwa. In ɗiga masa?

Mai agogo

Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan mai ɗakinka. Babu abin dariya a nan.

Jiranka na da dalili. Yanar ido a hankali take zuwa, wata da watanni. Fari ne can cikin ƙwayar ido, galibi babu zafi, ba ta hana cin abinci. Amma ja, hawaye da hazon da ya rufe ido cikin kwana uku sun fi kama da hawan jinin ido: ruwa ke taruwa a ciki yana danne jijiyar gani. Wannan ba ya nuna, makantarwa yake yi, wani lokaci cikin kwana biyu, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ba gudunka yake yi ba, kansa ke sarawa.

Ba zan yanke hukunci daga takarda ba. Likitan dabbobi ne zai auna. Rufe shago yau ka kai shi, a duba har na daman. Maganin nan kada ka ɗiga masa, ajiye abinka. Ko na hagun ya tafi, za a raba shi da ciwo, a yi ƙoƙarin tsare ɗayan.

Kafin ka fita, ka buga wa babban ɗanka waya. Karen mahaifiyarsu ne, ba kai kaɗai za ka ɗauka ba. Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya maka zuciya.