Makullin Bala Ya Zo Hannuna

Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Legas? Ya Anti Rabi da yara? Mu nan Samaru lafiya lau, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Yaya, an zubar da jini a kamfaninmu na Sabon Gari ranar Talata. Ka tuna abokina Bala, wanda aka ba shugabancin sashenmu don ya fi kowa iya inji? Injin ya iya, mutane ne bai iya ba, kuma ba wanda ya koya masa. Baba Audu, dattijon da a haife ya haifi Bala, ya makara, sai Bala ya kaɓe masa hula a gaban kowa. Kafin hular ta kai ƙasa wani ya sauke wa Bala sifana a ƙeya. Sauran ma'aikata suka rufe Bala da duka har haƙoransa biyu suka zube. Da rigata na ɗaure masa kai.

Kai da kake zama da manya a hedikwatar kamfaninmu, don Allah ka gaya musu su horar da mutum kafin su ɗora shi a kan mutane! Sabon inji sai an koya mana, amma shugabanci makulli kawai ake miƙa maka.

Ka gaishe min da kowa. Ka sa ni a addu'a, don jiya ni suka miƙa wa makullin.

Ƙaninka,
Sani