Tukunya ta Huɗu Mai Ƙiba

Baba,

Na tarar ka koma barci, ni kuma motar wurin aiki ba ta jira. Albishirinka, na gano mai ɓata mini awo!

Ka san tukwanen waken nan shida da na jera a baranda, kullum da safe ina ɗora su a sikeli in ga yawan ruwan da ƙasa da ganye suka rasa. Biyar nauyinsu na raguwa yadda ya kamata. Ta huɗu kuwa kwana tara ke nan ƙiba take yi! Na zargi sikeli, na zargi Auta har ta yi kuka. Jiya saura ƙiris in gaya wa shugabanmu na gano waken da ke shan ruwa daga iska.

Ɗazu ina goge baki a bakin taga, sai ga ka da butarka kana tsiyaya mata, kana cewa, "Sha abinki, yarinyar nan ba ta da tausayi." Haba Baba! Dariya na yi har na ƙware.

Don Allah kada ka ƙara. Ƙishin nan shi nake aunawa, kuma ran Litinin zan miƙa rahoto. Ko ta yi yaushi, ka kau da kai.

Ka taya ni ba Auta haƙuri kafin in dawo.

Na ajiye wata tukunya a ƙofar ɗakinka, na rubuta mata "ta Baba". Wannan ka shayar da ita har ta ce ta ƙoshi.

'Yarka marar tausayi