Warƙar Ɗanliti a Alƙur'anin Malam

Maigatari,
2 ga Satumba, 2001

Zuwa ga ƙanena Ɗanliti,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Kalsum da yara, da fatan kuma harkar fata tana tafiya. Mu nan sai godiyar Allah. Inna tana gaishe ka. Idanun nata dai sai a hankali, yanzu da murya take gane mutum.

Bayan haka, ga Alƙur'anin Malam nan na ba Mato direba ya kawo maka, wanda mahaifinmu ya rubuta da hannunsa. Na sa Mato ya yi alkawarin a gaban mota zai ajiye shi, nesa da shanu. Ruwan bana ya yi mana ɓarna, ɗakin Malam ya yi yoyo, gafakar da ake ajiye shi a ciki ta jiƙe har ta ruɓe ta gindi. Allah ya tsare takardun, gefen wasu ne kawai ya sha lema.

Dukawa ba su ƙare a Maigatari ba, amma Inna ta kafe kai za ka yi. Mato ne ya ba ta labari wai ranar Lahadi ba ka leƙa ko ƙofar gida, kana zaune da allura da zare kana yi wa tsofaffin littattafai riga. Na yi dariya har da hawaye. Kai da maɓallin rigarka ma ni nake ɗinka maka!

To, ka yi masa sabuwar gafaka mai kyau, ya dawo mana kafin tsakiyar Sha'aban. An ce kun samu wayar salula a Ikko kuna ta yanga. Mu nan ba ta iso ba, saboda haka ka daure ka ɗauki biro.

Yayarka,
Bilkisu

Agege, Legas,
7 ga Oktoba, 2001

Yaya Bilki,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki da amanar da kika aiko. A gaishe mini da Inna, a ce mata ta ci gaba da sa mana albarka. Kalsum da yara suna gaisuwa.

Ki yi dariyarki, amma Mato bai yi ƙarya ba. Akwai wani tsoho a Mushin, Baba Alabi, mai ɗinkin littattafai. Yakan zo mayankar Oko-Oba ya sayi fatar akuya a hannuna. Shekarar da sojoji suka koma bariki na shiga motar haya ta danfo na bi shi shagonsa don in ga me yake yi da fatata, tun daga ranar kuma na kamu. Kwana shida a mako ina cikin gishiri da warin ƙiraga da ihun mahauta. Ranar Lahadi sai in yi wanka in zauna, ni da zare da kwali. Ba sayarwa nake ba, Yaya. Wannan ne kaɗai lokacin da nake jin kaina ya yi shiru.

Da na buɗe Alƙur'anin Malam sai gabana ya faɗi. Warƙa fiye da ɗari biyar, kowace a sake, babu abin da ya riƙe ta da 'yar'uwarta. Iska ɗaya ko yaro ɗaya ya isa ya watsa aikin shekara uku. Sai na ga gafaka kawai ba za ta wadatar ba.

Na ɗinke shi, Yaya. Lahadi huɗu na yi a kansa, kullum da alwala. Malam ya bar fili a gefen rubutu, allurata ba ta taɓa harafi ko ɗaya ba. Na goge zaren da kakin zuma, na yi masa bango da jar fatar akuya wadda na ɓoye shekara biyu ina jiran aikin da ya cancance ta. Baba Alabi ya sa na jujjuya masa shi a hannuna, don bai yarda ya taɓa ba, ya ce, "Oga Ɗanliti, ka gama koyo." Ban taɓa yin abu mai kyau kamarsa ba.

Akwai abu ɗaya. A cikin Suratu Ɗaha na tarar da warƙa mai karkataccen layi, tawada ta yi mata ɗigo har biyu. Na gane ta. Ita ce wadda Malam ya ba ni in gwada rubutawa ina ɗan shekara sha bakwai, ya duba ya ce, "Wannan hannun ba na rubutu ba ne." A satin na bi motar shanu na taho. Ina jin mantawa ya yi bai sake ta ba. Na cire ta, na kai wa Alaramma Shafi'i na nan Agege ya rubuta wata mai kyau, na sa a gurbinta. Yanzu babu abin da zai ɓata wa Malam aiki.

Ina ɗinka gafakar, da na gama zan ba Mato.

Ƙanenki,
Ɗanliti

Maigatari,
14 ga Oktoba, 2001

Ɗanliti,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, raina a ɓace yake.

Gafaka na ce maka. Na sake tuna abin da na rubuta, ban ga inda na ce ɗinki ba. Na karanta takardarka a makaranta lokacin tara, sai da Malama Hansai ta tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Da na huce sai na ga ba ka sani ba ne, kuma ban san wa zan ɗora wa laifin rashin saninka ba. Bari in gaya maka. Shekarar da Malam ya gama rubutun, bayan tafiyarka, ya fara wata al'ada. Duk Juma'ar tsakiyar Sha'aban, bayan an sauko daga masallaci, mutanen unguwa sukan taru a zaure, mata kuma a tsakar gida. Sai a buɗe gafaka a rarraba warƙoƙin, wannan ya ɗauki ashirin, wancan goma, yaro ma a ba shi ɗaya. Kowa ya karanta nasa a lokaci guda, kafin la'asar an sauke Alƙur'ani duka. Sau goma sha biyar aka yi, biyar daga ciki bayan rasuwarsa. Yanzu ka gaya mini, littafin da ka ɗinke, mutum nawa ne za su karanta shi a zama ɗaya?

Sau uku ka zo gida a shekara goma sha shida, biyu da Sallah, ɗaya ta'aziyya, kuma ba ka taɓa kwana huɗu ba. Na so in rubuto maka ka zo sauka, Malam ya hana. Ya ce kada a kira ka, ranar da ka so za ka zo da ƙafarka. Kai da shi taurin kanku iri ɗaya ne, mu ne muka sha wahala a tsakani.

Sai maganar warƙar da ka cire. Malam bai manta ba. Ɗalibansa sun yi ta roƙonsa ya sake ta, har Balarabe ya ce shi zai rubuta. Malam ya ce, "Ku duba, akwai kuskure a ciki?" Suka duba, babu ko ɗaya. Ya ce, "To layi ne ya karkace, ku bar mini abina." Kowace shekara, kafin a raba wa kowa, sai ya zare ta ya ajiye a kan cinyarsa. Ita yake karantawa, shi da ya haddace Alƙur'ani duka. Tun da ya rasu Inna ce ke riƙe ta, ni kuma in zauna kusa da ita in karanta mata.

Ban gaya wa Inna komai ba tukuna. Kullum sai ta tambaya ko Mato ya dawo. Na san ka sha wahala a aikin nan, kuma na yarda yana da kyau. Saura kwana goma sha tara.

Yayarka,
Bilkisu

Agege, Legas,
28 ga Oktoba, 2001

Yaya Bilki,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaida Inna, ina kuma neman afuwarku.

Takardarki ta kwana uku a aljihuna. A Oko-Oba na yi ta auna fata ina ɓata lissafi, har abokin cinikina ya ce in tafi gida in kwanta. Shekara goma sha shida ina ɗauke da magana ɗaya ta Malam. Duk littafin da na ɗinka, in na ɗaga shi na ga ya miƙe sambal, a raina shi nake nuna wa. Ashe shi yana can da warƙata a cinyarsa. Na yi kuka, Yaya, a gaban Kalsum, ban ji kunya ba.

Ranar Lahadi na tafi Mushin da reza. Baba Alabi ya ga na ɗora ta a kan zaren, ya riƙe mini hannu ya ce da Yarbanci da Hausa, "Kilode? Ka haukace ne?" Na ba shi labari. Ya tashi ya kawo tsumma mai ɗan damshi, ya nuna mini yadda zan jiƙa bayan littafin sitatin da na manna shi da shi ya saki ba tare da takarda ta yage ba. Allah ya taimake ni ban sa gam ba. Aikin Lahadi huɗu, kafin azahar ya koma yadda ya zo.

Sai dai bai koma daidai ba. Kowace warƙa yanzu tana da huda shida a gefe, kuma babu mai iya toshe su. Wannan ɓarnata ce, ki gaya wa Inna gaskiya.

Na mayar da warƙata gurbinta a Suratu Ɗaha, ta Alaramma kuma na mayar masa da godiya. Gafakar na yi ta da ragowar jar fatar. Bangon yana nan a kan teburina babu komai a ciki, na kasa jefar da shi.

Na san abin da kike so ki ce ba ki faɗa ba. Zan iya cewa kasuwa ce ta riƙe ni, amma ƙarya ne. Karatuna ya yi tsatsa, Yaya. Ina jin tsoron in zauna a zauren Malam, gaban ɗalibansa, in riƙa tuntuɓe a warƙar da na rubuta da hannuna. Mato zai taso gobe. Ku sa ni a addu'a.

Ƙanenki,
Ɗanliti

Maigatari,
3 ga Nuwamba, 2001

Ɗanliti,

Assalamu alaikum. Amana ta iso lafiya, gafaka ta yi kyau, Allah ya yi albarka.

Jiya aka taru, mutum arba'in da uku. Na gaya wa Inna komai. Ta sa aka miƙo mata warƙoƙin, ta riƙa bin gefensu da yatsa tana ƙirga hudar. Da ta zo kan wadda babu huda, ta ce, "Wannan ce tasa," ta ɗora a cinyarta.

Kowa ya gama nasa kafin la'asar. Na matso zan karanta mata kamar kullum, sai ta dafe warƙar ta ce a'a, tunda mai ita ya san da ita yanzu, ba wanda zai karanta masa. Liman ya yi magana, ta ƙi. Na ce mata ka ce karatunka ya yi tsatsa, ta ce ita ba ta sauri.

Haka aka watse ba a shafa fatiha ba. Saukar bana saura warƙa ɗaya. Mato zai juyo daga Ikko ranar Laraba, na ce ya bar maka gaban mota.

Yayarka,
Bilkisu